Saran da Na Yi a Gonar Lawali

Tun da na dawo daga Nijar ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a teburinmu na Sabon Tasha ba. Da na zauna sai a fara: "Baban Talatu, wai me ka je yi ƙasar da ko doya babu?" Wani ya ce aure na je nema, wani ya ce raƙumi na je saye. A coci ma bayan an tashi sujada haka ake tare ni. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya wuce, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar in ci gaba da shan shayina.

Wurin Lawali na je. Waɗanda suka yi aiki a masaƙa za su tuna shi, dogon mutumin Nijar ɗin nan da muka yi shekara goma sha huɗu muna shif ɗaya, tare muke shiga aiki tare muke tashi. Gidan haya ɗaya muka zauna a Trikania, ɗakinsa na kallon namu. Iyalinsa suna can ƙauye, don haka tuwon matata Rifkatu yake ci, da Sallah kuma shi ke kawo mana nama. Muna da 'yar gona a bakin kogi inda muke shuka masara in mun tashi aiki. Ni ke yin kunya, shi ke shuka, kullum yana yi mini dariya wai ina tara ƙasa kamar zan gina gida.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, muna cikin murnar farar hula, sai garin Kaduna ya rikice. Kowa ya san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba. Da abin ya lafa mutane suka shiga kwashe kaya, kowa yana neman unguwar da irinsa suka fi yawa. Wata safiya aka ƙwanƙwasa mana ƙofa, bugu biyu a hankali, na san Lawali ne. A kwanakin nan idon unguwa yana kan kowa, ana lura da wanda har yanzu yake gaisawa da wa. Tsoro ya kama ni. Na ce wa Rifkatu ta ce na fita. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta buɗe ƙofar kaɗan ta faɗa masa. Ina bayan labule na ji ya ce, "To Maman Talatu, in ya dawo ki ce na tahi gida." Takalmina na aiki, guda ɗaya tak da nake da shi, yana ajiye a bakin ƙofar.

Cikin shekara uku da suka biyo baya muka koma Sabon Tasha, aka rufe masaƙa, Talatu ta yi aure ta tafi Jos, Rifkatu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gorin safiyar nan ba, sai dai duk ranar da ta dafa miyar kuka takan ce, "Ko Lawali yana samun abinci?" Bayan rasuwarta na zauna ni kaɗai a ɗaki, daga ni sai rediyo. A rediyon na ji ana maganar fari a wajen Maraɗi, wai hatsi ya ƙare a ƙauyuka tun kafin damina ta kusa. Na auna rabin buhun masara daga cikin wadda na noma a bakin kogi, na naɗe buhun da wani tsohon zanen Rifkatu, atamfar masaƙarmu mai ruwan ganye, na ɗaure da igiya. Ban san ko zai karɓe ni ba, ban ma san ko yana da rai ba. Abin da na sani kawai sunan ƙauyen, Tudun Barewa.

Motar Katsina a Kawo ake shiga, wato dole in haye gadar kogi zuwa arewacin gari. Kunya ce in faɗa, amma tun da muka tashi daga Trikania ban taka wancan ɓangaren gari ba. Na sauka a tasha ina ta waige-waige, babu ma wanda ya kula da ni sai kwandastan da ya fizge buhuna yana cewa, "Baba, Katsina ko Kano? Yi sauri, saura mutum ɗaya." Saura mutum ɗayan nan sai da ya kai mu kusan hantsi.

Kusa da ni wata mata ce mai jiki, Hajiya Kulu, tana fataucin tabarmi da kanwa tsakanin Maraɗi da Kaduna. Kafin mu kai Zariya ta gama sanin farashin kayan kowa a motar. Ta juyo kaina ta ce, "Malam, sunan fa?" Na ce Bulus. Motar ta ɗan yi shiru, ko kuma ni ne na ji kamar ta yi. Hajiya ta kwance bakin gyalenta ta miƙo mini dabino uku ta ce, "Ci, Malam Bulus, hanyar da tsawo." A Funtuwa aka tsaya salla, kowa ya fita, aka bar ni a mota ni da wata akuya da aka ɗaure a but. Na zauna ina kallon hotunan 'yan takara da aka liƙa a jikin bango, rana ta cinye fuskokinsu. Da can in aka tsaya irin haka ni ke riƙe wa Lawali agogonsa har ya gama alwala.

Na kwana Katsina a rumfar tasha, da safe muka kama hanyar Jibiya. A kan iyaka aka ce kowa ya fito da takardarsa. Ni ba ni da fasfo, sai katin shaidar masaƙa. Mai kakin ya juya shi gaba da baya ya ce, "Oga, ai an rufe wannan kamfanin." Na ce shi aka rufe, ni ina nan. Ya yi dariya ya maido mini. Wani kuma ya zo da ƙarfe mai tsini ya soki buhuna don ya ga abin da ke ciki, masara ta fara tsiyaya a ƙasa. Na durƙusa ina tsincewa ɗaya-ɗaya, mutane suna tsallake ni. Hajiya Kulu ce ta zaro allura daga jakarta ta ɗinke ramin tana ta sababi, ba ta bar mai ƙarfen ba, ba ta bar ni ba. "Kai ma wa ke ɗaure buhu haka? Ba ka da mata ne?" Na ce ta rasu. Ta daina sababin, ta ƙarasa ɗinkin ta miƙo mini buhun.

A ɓangaren Nijar jandarma ne, jami'an tsaron ƙasarsu. Su ba ruwansu da buhu, gaisuwa suke so. Na miƙa katina ban ce komai ba, kamar yadda muka saba a nan, sai ya ƙi karɓa ya tsaya yana kallona. Hajiya ta zungure ni ta ce, "Gaishe shi mana." Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi gida da gajiya da iyali, sannan ya karɓa. Ya ce, "Ina ka hito da wannan Hausa?" Na ce Kaduna. Ya ce ya ji alama.

A Maraɗi aka gaya mini motar Tudun Barewa sai ranar kasuwarsu take tafiya, saura kwana biyu. Hajiya ta damƙa ni hannun wani tsoho mai gadin rumfarta a tasha, ya ba ni tabarma da kusurwar shago tsakanin buhunan kanwa. A nan na zauna. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa sai da ya fasa mini dasashi. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofin gilas, baƙi ƙirin, ɗaci kamar magani, kuma sai an yi zagaye uku ake tashi. Na shanye na farko na miƙe zan tafi, tsohon ya riƙe mini riga ya ce ba a yin haka. Abin da ya fi yi mini daɗi dambun zogale da ƙuli, amma na yi ta marmarin faten acca har na ji kunyar kaina. Garin cike yake da mutane masu jin yaren da nake ji, amma kwana biyun nan in ban da gaisuwa ban yi hira da kowa ba. Da yamma nakan zauna in jingina da buhuna in yi ta shirya abin da zan ce wa Lawali, duk wanda na shirya sai in ji bai yi ba.

Ranar kasuwa muka hau bayan wata tsohuwar a-kori-kura, mu da tumaki da gishiri. Kwalta ta ƙare, muka shiga rairayi. Sau biyu muna sauka mu tura. Ni da na taso a ƙasar duwatsu da rafi, idona ya rasa inda zai sauka, fili ne fetal har iyakar gani. Daga inda motar ta tsaya wani mai amalanken shanu ya ƙarasa da ni ƙauyen da la'asar.

Lawali ba ya nan. Ya bi mazan gari zuwa wani aikin haƙa da ake biya da hatsi, sai nan da kwana uku za su dawo. Yayansa, Malam Sha'aibu, wani dattijo mai ciwon ƙafa, shi ya sauke ni a zaure. Da na faɗi sunana sai na ji wata mata daga bayan danga ta ce, "Baban Talatu? Na Kaduna?" Matar Lawali ce, Baraka, ba ta taɓa ganina ba. Ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Talatu, ta tambayi Maman Talatu mai miyar kuka. Na ce sai dai haƙuri. Ta rufe fuska da mayafi. Daga yadda ta karɓe ni na gane bai taɓa gaya mata maganar ƙofar nan ba, wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Suka kawo mini bokitin ruwa, na shiga bayan danga na kwarara shi duka a jikina kamar ina bakin famfo a Trikania. Da na fito na tarar da Baraka tana kallon ruwan da ke bin rairayi. Sai da safe na ga rijiyar, na ga sa ne ke jan igiyar guga, yana tafiya mai nisa kafin gugan ya fito. Su a cikin kwano mai faɗi suke tsayawa su yi wanka, ruwan da ya taru a kai wa dabba ko a zuba wa bishiya. Rumbunan gidan uku ne, biyu a buɗe babu komai. Abinci sau ɗaya ake ci, fura mai ruwa-ruwa da wani abu da suke kira dilo, 'ya'yan wata itaciya ce mai ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ta ciwu. Ni baƙo aka dafa wa masarar da na kawo, na ci ina jin idon gidan duka a bayana ko da yake babu mai kallona.

Washegari na roƙi Malam Sha'aibu ya nuna mini gonar ƙanensa. Saboda ƙafarsa bai iya zuwa ba, daga bakin gari ya nuna mini da sanda. Gonakin da na ratsa duk a share suke tas, ko tsinke babu, suna jiran ruwa. Da na iso ta Lawali sai na ga ba haka take ba. Daji ce. Sabara da kalgo da ƙananan gawo sun cika ta, wasu sun kai ƙirjina, wasu sun wuce kaina. Jikin kowace an ɗaura wani ɗan tsumma. A garinmu mutumin da damina ta kusa gonarsa tana haka, mata za su sa shi a waƙa ranar gayya. Na ce a raina yunwa ta karya abokina, ba shi da ɗa namiji babba, yayansa gurgu, ga shi ya tafi neman abin da za a ci. Tsummokaran kuwa na ɗauka irin abin nan ne na camfi da ake ɗaurawa don baki.

A nan dabara ta zo mini, har na ji sanyi a raina. Tunda bakina ya kasa shirya maganar, bari hannuna ya yi ta. In ya dawo ya tarar da gonarsa fes, zai san abin da ya kawo ni ba sai na faɗa ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san za a ce baƙo ba ya aiki.

Da gari ya waye na ɗauki adda da gatarin da ke rataye a zaure na fita. Na daɗe ban yi aiki da farin ciki irin na ranar ba. Ina sara ina waƙar da muke yi a gayya, ina jan rassan ina tarawa tsibi-tsibi don in cinna musu wuta in sun bushe. Tsummokaran na tsinke su na watsar. Wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, na lura kowane kututture rassa biyu ko uku kawai aka bar masa, miƙaƙƙu, an sassabe na gefe da wuƙa. Na ce ikon Allah, na ci gaba. Kafin rana ta take na share fiye da rabin gonar.

Baraka ce ta biyo sawuna da fura. Ina jin ƙarar faɗuwar ƙwarya na juya. Tana tsaye hannu biyu a ka.

"Baban Talatu, mi ka yi? Wayyo Allah, mi ka yi muna?"

Na ce, "Gyara na yi masa. Saura kaɗan in gama."

"Aje addar nan. Don girman Allah aje ta."

A zaure Malam Sha'aibu ya yi mini bayani, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. Ya ce a ƙasarsu ba rashin ruwa kaɗai ke kashe gero ba. Ruwan farko yakan zo da iska, iskar ta kwaso rairayi ta binne shukar tana 'yar ƙarama, ko ta yanke ta. Sai a sake shuka, a sake, har iri ya ƙare ko damina ta wuce. Da Lawali ya dawo daga Kaduna ba shi da komai, sai ya bi wata dabara da ake kira sassaben zamani. Tsofaffin kututturan da ke cikin gona saiwarsu tana da rai, kowace shekara suna toho ana sarewa. Shi ya daina sarewa. Yakan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya rage sauran, ya ɗaura tsumma don masu neman itace da makiyaya su san da mai ita. An yi masa dariya, an ce birni ya mai da shi rago. Bara iska ta binne shukar gari sau uku, tasa ta tsaya a bayan itatuwan nan. Abin da ya samu ba yawa, amma irin da rabin gari za su shuka bana daga gonar nan ya fito.

"Yanzu irin da ya rage mishi na shuka ɗaya ne," in ji shi. "In iska ta binne, shi ke nan. Shekara ukku yana renonsu, Malam Bulus."

Ban ci abinci ba ranar. Na koma gonar na zauna cikin tsibin rassan da na tara, ganyen har ya fara yanƙwanewa. Na yi tunanin in ɗauki jakata in bi hanya kafin ya dawo, sai na tuna motar sai wani mako. Gaskiya ita ce abin da ya fara tsayar da ni ke nan, ba jarumtaka ba. Ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya kamar yammacin nan ba, ko ranar da muka dawo daga binne Rifkatu.

Washegari da hantsi Lawali ya zo. Tun daga nesa na gane tafiyarsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari. An riga an gaya masa a gida. Ya ratsa gonar a hankali, yana tsayawa kan kowane kututture yana dubawa, wani ya shafa bakin saran da yatsa. Sai da ya gama zagayawa ya iso inda nake.

"Bulus, ka iso?"

"Na iso, Lawali."

"Ina gajiya? Ina Kaduna? Ina Talatu?"

Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, "Baraka ta hwaɗa mini Maman Talatu." Ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce ranar da zai tafi, bayan ya juya, Rifkatu ta biyo shi har bakin titi da ƙullin gyaɗa da garin rogo, su ya ci har Jibiya. Ban taɓa sanin wannan ba. Shekara uku muna ɗaki ɗaya da ita ba ta gaya mini ba.

Duk maganar da na shirya a Maraɗi ta gudu. Na ce, "Lawali, ranar nan ina ciki."

"Na sani. Na ga takalminka."

"Tsoro na ji."

"Ni ma tsoro ya kore ni." Ya mai da hularsa. "Ban ce ban ji zahi ba. Na ji, har na yi shekara ban son jin sunan Kaduna. Amma wancan ya daɗe, Bulus. Wannan kuwa," ya nuna gonar da haɓa, "jiya-jiya ka yi shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce zan koma in aiko masa da masara, buhu nawa yake so. Ya ce masarata ba ta tare iska. Ya miƙe ya taka tsibin da ke kusa da mu ya ce, "Allah ya so ba ka sa wuta ba. Tashi, mai kunya. Tunda ƙarhi gare ka, ga aiki."

Kwana goma sha ɗaya na ƙara a Tudun Barewa. Rassan da na tara muka warware su, muka shimfiɗa su layi-layi a gicciye ta inda iska ke fitowa, muka kafe su da turaku don su riƙe rairayi. A tsakani muka haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, kowane a zuba masa tafin taki, ruwan da ya sauka ya taru a nan maimakon ya gudu. Ni da na yi rayuwata ina tara ƙasa sama don kada ruwa ya kwanta wa shuka, ga ni ina haƙa rami ina roƙon ya kwanta. Mutanen gari sukan biyo ta hanyar don su ga Bakadunen da ya share gonar Lawali, wasu har su yi mini sannu da aiki. Lawali bai cika magana ba kwanakin farko. A rana ta huɗu da zai yi alwala ya kwance agogonsa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, na karɓa na riƙe.

Kafin in tafi wasu kututturan sun fara fitar da toho, jajaye ƙanana. Ya ce dole a sa musu alama, in ba haka ba awaki da masu itace za su gama da su. Tsummokaran da na watsar iska ta tafi da su, a gidan kuma babu ƙyallen da za a iya yagawa, kowane ana sawa. Na koma zaure na ɗauko zanen Rifkatu da na naɗo buhu da shi. Ya gane shi, ya ce a'a. Na ce ita ce ta yi ta tambaya ko kana samun abinci. Muka zauna muka yayyaga shi siri-siri, muka kafa tsinke kusa da kowane kututture muka ɗaura. Da muka gama gonar duk ta yi ɗigo-ɗigon ruwan ganye.

Shi ya raka ni har inda mota ke tsayawa. Sama ta fara haɗa gajimare ta gabas amma ko ɗigo bai sauka ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Shekara ukku kahin su koma yadda ka ishe su. Kai ka sare, kai za ka zo ka rage musu rassa. Kowace bazara." Na ce na ji. Na kwatanta masa rumfar Hajiya Kulu a tasha ko da zai yi saƙo.

Na dawo na tarar da damina ta kankama a Kaduna. Duk ranar da aka yi ruwa nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda yake zuba daga kwano yana bin kwata, in yi ta tunanin ko ya kai can, ko iska ta riga shi. Wata huɗu ban ji komai ba. Masu tambayata tsaraba a teburin shayi ba su san abin da nake jira ba.

Makon jiya ina zaune sai ga mai shayi da baƙuwa, wai tun safe take yawo a Sabon Tasha tana neman Bulus mai buhun masara. Hajiya Kulu ce, ta haye gada da kanta, tana ta faɗa wai unguwarmu ba ta da lamba. Ta zaro wani abu daga jaka ta miƙo mini. Zangarniyar gero ce guda ɗaya, gajera, daga tsakiya zuwa sama babu ƙwaya, amma ƙasanta cike. An ɗaure gindinta da ƙyalle mai ruwan ganye.

Na ce, "Bai ce komai ba?"

Ta ce, "Ya ce shuka ɗaya ya yi, kuma iska ba ta binne ta ba. Ya ce kuma in bazara ta yi ka taho da tsumma, amma adda ko gatari kada ka kuskura ka taɓa."

Na rataye zangarniyar a saman ƙofata, daga ciki, inda nake ganinta in na kwanta. Tsofaffin riguna kuma na fara tarawa a buhu, wanda yake da su a cikinku ya kawo mini teburin shayi.